Neman kalma: huile essentielle de lavande, shirin rediyo ne jibi

Maman Hafsa, Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Lokaci ya ƙure mini. Jibi Alhamis zan naɗi shirin mata da nake gabatarwa da Hausa a wata tasha a nan Garwa, baƙuwata kuma ma'aikaciyar farmasi ce da ba ta jin Hausa sosai. Ta ba ni shafi biyu da Faransanci, kalmomi uku sun tsaya mini a wuya: lavande (wani tsiro mai ƙamshi), huile essentielle, aromathérapie.

Ga abin da ya sa na matsa a yi shirin. Maƙwabciyata a Yelwa ta sayi 'yar kwalbar huile essentielle de lavande mai mil 10, mai sayarwa ya ce mata mai ne mai sa barci. Da jin "mai" sai ta tsiyaya a tafin hannu, ta murje wa jaririyarta 'yar wata bakwai ƙirji da wuya, yadda muke yi da man kaɗe. Kafin asuba fatar ta yi jawur, yarinya ta kwana tsala ihu. Ni na rungume ta a bayan babur har asibiti. Ta warke, alhamdu lillahi, amma uwar har yau ba ta daina zargin kanta ba. Ina son sunan da mace za ta ji ta gane daga sunan cewa ba na ci ba ne, ba kuma na shafawa tsura ba ne. Manhajar fassara ta ba ni "muhimmin mai".

Abu Zainab, Njamena:
Wa alaikumus salam Hajiya. "Muhimmin mai" kuskure ne tun daga tushe. Essentielle ɗin nan daga essence take, wato ainihin abin da aka tatso daga tsiron. Sunan tsiron kuma ba sai mun wahala ba, Larabawa suna ce masa khuzama. Mu ce huzama. Haka muka yi da ƙaranful ya zama kanumfari, basal ya zama albasa.

Ɗan Domayo, Marwa:
Ko kusa kada kalmar essence ta fito a rediyo. A nan da ka ce isansi, fetur mutane za su ji, wani ma zuwa-zuwa, fetur ɗin bakin titi, zai tuna. Ni dai "tataccen mai".

Maman Hafsa, Garwa:
Ƙanena, man auduga na Diamaor da muke suya da shi ma tatacce ne. Wannan zai ƙara kai shi kicin.

Malam Tsoho, Ngaundere:
Kun fara da aro tun ba ku leƙa rumbunku ba. Shekara talatin ina koyar da yara, abin da na gani shi ne duk kalmar da aka aro yau, gobe ta kori 'yar gida. Hausa tana da awon da take ƙera suna da shi: mantau, gagarau, fiddau. Tsiron nan aikinsa kwantar da hankali da kwantar da mutum barci. Sunansa KWANTAU. Mansa man kwantau. Aikin kuma, wato aromathérapie, kwantarwa da ƙamshi. Magana ta ƙare, 'yata, ki rubuta.

Inna Mai Humra, Garwa:
Allah gafarta Malam, ni a babbar kasuwa nake zaune, turare nake sayarwa tun ina budurwa. In na ce wa mace "ga man kwantau", kwantai za ta ji, ta ce kayan da suka ƙi sayuwa nake neman liƙa mata. Wallahi ko kyauta ba za ta karɓa ba.

Mu kuma muna da suna tuntuni. Turaren da ba a tsinka shi da komai ba, mai kauri, wanda ɗigo biyu ke riƙe tufafi kwana uku, madara muke ce masa. Madarar sandal, madarar miski. Kowace mace da ta taɓa haɗa humra ta san madara ba a wasa da ita, sai an sirka. Ku ce madarar lavanda ku huta.

Sister Nana, Kusiri:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in sa baki kan abin da kansa kafin suna. Wannan ba mai ba ne irin na gyaɗa ko na auduga da ake matsewa. Furen ake zubawa a tukunya, a bi ta cikinsa da tururi, tururin ya kwaso ƙamshin, a sanyaya, abin ya taso saman ruwa a kwashe. Sai an tara fure fiye da kilo 100 kafin a samu kilo ɗaya, shi ya sa yake da ƙarfi haka. Ku ɗiga shi a farar takarda, na gaske zai bushe ya tashi, ba zai bar maiƙo ba. In ya bar tabo, an sirka shi da wani mai. A kudancin Faransa ake noma shi, yankin Provence, da Bulgeriya wadda yanzu ta fi kowa fitar da shi. Akwai ɗan'uwansa lavandin, haɗin aure ne, ya fi arha kuma ya fi warin kafur, sau da yawa shi ake sayar mana.

Kalmar aromathérapie wani masanin haɗa sinadarai ne na Lyon, René-Maurice Gattefossé, ya yaɗa ta da littafinsa na 1937, bayan ya ƙone a wurin aikinsa a 1910 ya yi jinyar hannunsa da wannan man. To thérapie ɗin ce ke ba ni tsoro. In aka ce "magani da ƙamshi", mai hawan jini zai ajiye ƙwayarsa ya kama shaƙa. Wasu suna samun natsuwa da sauƙin barci, iyakarsa ke nan. Da wannan dalilin nake ƙin kwantau, Baba Malam, ka yi haƙuri. Sunan ya yi alkawarin da kwalbar ba za ta cika wa kowa ba.

Malam Tsoho, Ngaundere:
Kwantai daban, kwantau daban. Wanda kunnensa bai raba su ba, shi ke da gyara. Madara kuma nono ce. Ku ce madara a rediyo ku ga ko ba a zuba wa yaro a koko ba.

Bakano, Yawunde:
Malam ya yi gaskiya a kan madara, amma ku duka kun bar babbar matsala. Babu harafin v a Hausa. Lavanda ba Hausa ba ce. Ko labanda ko lafanda. Kuma a gaskiya irin wannan hukunci ba a Garwa ake yanke shi ba. Daidaitacciyar Hausa a Kano take. Ku da kuke cewa "mace ya zo", ku fara gyara wannan.

Ɗan Domayo, Marwa:
To ga shi nan. Kullum sai an kawo mana Kano. Kakana fatauci ya kawo shi Marwa tun kafin Jamusawa su shigo, a nan aka haifi ubana, a nan aka binne su duka. Hausar da suka bar mana ba ta haya ba ce. V kuma muna furta ta kullum, Fulatancin da muke yi a kasuwa cike yake da ita, ga Faransanci. Bakinmu bai gaza ba.

Bakano, Yawunde:
Ba zagi na yi ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 ta fara fita daga Zariya, BBC Hausa tun 1957. Akwai ƙa'idar da aka gina. In kowane gari ya ƙera tasa kalma, ɗan Maraɗi ba zai fahimci ɗan Garwa ba.

Abu Zainab, Njamena:
Shi ya sa na ce huzama. Ba ta Kano ba ce, ba ta Faransa ba ce, kuma ba v a ciki.

Inna Mai Humra, Garwa:
Alhaji, a jikin kwalbar me aka rubuta? Lavande. Mace ta je farmasi ta ce a ba ta huzama, yaron kanti zai tsaya yana kallonta. Malam kuma, a kan batun koko: shekara nawa muna cewa madarar turare, wa ka taɓa ji ya sha? Sai dai kada a yar da kalmar turare a tsakiya, wannan na yarda.

Sister Nana, Kusiri:
Inna, damuwata ɗaya da madara. Mafi yawan madarar da ke kasuwa haɗin masana'anta ce, ba daga fure aka tatso ta ba. Kada mace ta sayi madarar turare mai ƙamshin lavanda ta zaci ita ce wannan. Sannan da an ce turare, hannu kasko yake nufa. Wannan ba a zuba shi a garwashi, yana kama wuta, ƙamshin ma ƙonewa yake. Ɗigo uku ko huɗu a kwanon ruwan zafi a ajiye a gefen ɗaki, ko ɗigo ɗaya a ƙyalle kusa da matashi. In za a shafa wa babba, ɗigo biyu zuwa huɗu a cikin mil 10 na man zaitun ko na kwakwa, a fara gwadawa a ɗan wuri a hannu. Ba a sha, ba a kai shi ido, ba a shafa wa jariri, a ɗaga kwalbar inda yaro ba zai kai ba. Mai ciki da mai asma su tambayi likita tukuna.

Ɗan Domayo, Marwa:
Ruwan zafi da ƙamshi ai sirace ke nan. Ga aromathérapie a gida: siracen ƙamshi.

Maman Hafsa, Garwa:
Na so wannan ƙwarai, har na rubuta, sai na tuna yadda muke sirace: a lulluɓe da bargo, fuska cikin tukunya. In uwa ta yi wa yaro haka da wannan abu, mun koma gidan jiya.

Malam Tsoho, Ngaundere:
Kun ƙi kwantau saboda 'yan kasuwa, kun ƙi huzama saboda yaron kanti. Wato yanzu kanti ne ke koya mana harshe. Ni zan ci gaba da koya wa ɗalibaina kwantau, nan da shekara goma a zo a tambaye ni.

Maman Hafsa, Garwa:
Baba Malam, ban raina ƙoƙarinka ba, Allah ya sani. Amma ni fuskar yarinyar nan nake gani, da yadda ta riƙe mini mayafi a kan babur. Ga abin da zan faɗa jibi. Tsiron: labanda, in ƙara da cewa lavande ne a jikin kwalba, Larabawa kuma na ce masa huzama. Kwalbar: madarar turaren furen labanda. Ya yi tsawo, na sani, amma "fure" ya raba ta da ta masana'anta, "turare" ya raba ta da koko. Aromathérapie ban samu kalma ɗaya ba. Zan ce shaƙar ƙamshi don samun natsuwa, kalmar magani ba za ta fito daga bakina ba. Sister, bayaninki na ɗigo zan karanta shi yadda yake in baƙuwata ta amince.

Bakano, Yawunde:
Tunda b kika sa, ba ni da ta cewa. Amma shaƙar ƙamshi don samun natsuwa jimla ce, ba kalma ba. Wannan aikin yana nan.

Inna Mai Humra, Garwa:
Ni dai lavanda zan ci gaba da cewa a rumfata. Ƙarfe nawa shirin, 'yata? In kunna wa matan layinmu.

Malam Tsoho, Ngaundere:
Ki ce "wasu malamai na kiransa kwantau", ko sau ɗaya ne. Sauran na bar miki.

Maman Hafsa, Garwa:
Bayan la'asar ne, Inna, ƙarfe huɗu da rabi. Baba, zan ambata sau ɗaya a farkon shiri. Wanda ya samo kalma guda ta aromathérapie kafin daren gobe ya ajiye ta a nan, zan duba kafin in kwanta.