'Yata tana cikin ƙungiyar softbol da nake horarwa, yaya zan yi adalci?

Baban Yara, Nima:
Assalamu alaikum. An ɗora mini horar da ƙungiyar softbol, wasan da ake jefa ƙwallo a buge shi da sanda a zagaya fili da gudu, ta 'yan mata 13, masu shekara 11 zuwa 12, a wata makaranta a nan Nima, cikin Akara. 'Yata tana cikinsu kuma tana son zama mai jifa, akwai wata yarinyar ma da ke so. Yaya zan raba matsayi ba tare da iyaye sun ce na yi son kai ba, kuma ban zalunci tawa ba? Filinmu na tsakuwa ne, kayan wasa kuma kaɗan.

Tsohon Koci, Mamobi:
Wa alaikumus salam, Malam. Rigimar a kan mai jifa take tashi, don ita ce ke taɓa ƙwallo a kowane bugu, ido kuma yana kanta. Saboda haka kada bakinka ya yanke wannan hukunci, bari lissafi ya yanke.

Fara da auna filin da tef, ba da taku ba. Tsakanin tasha da tasha, wuraren da masu gudu ke tsayawa bayan bugu, ƙafa 60 ne, wato kusan mita 18.3. A ma'aunin da ake bi a Amurka, 'yan shekara 11 zuwa 12 suna jifa daga ƙafa 40, kusan mita 12.2, da ƙwallo mai kewayen inci 12. Ƙafa 35 da ƙwallon inci 11 na 'yan goma zuwa ƙasa ne, ƙafa 43 kuma na manya. Idan tazarar tana canzawa kowane mako, ba ka san wacce ta iya ba.

Sai gwaji. Duk mai so ta yi jifa 20, a ƙirga nawa suka bi ta kan gida, wato tashar da mai bugu ke tsayawa kusa da ita, daga gwiwar mai bugu zuwa ƙasan ƙirjinta. A maimaita a ranaku uku dabam, don rana ɗaya takan yi ƙarya. Ba kai za ka riƙe biro ba. Mataimakinka ko wata malama ce za ta ƙirga, a rubuta a littafin da kowane uba zai iya dubawa. Kuma ka faɗa wa iyaye ƙa'idar tun kafin gwajin. Idan sai bayan sakamako ka bayyana ta, ko gaskiya ce za ta yi kama da uzuri.

Ka horar da su biyun duka. Wasa zagaye bakwai ne, a kowanne ƙungiyoyin biyu na karɓa-karɓar jifa da bugu; yarinya ɗaya a zafin ranar Akara ba za ta riƙe jifarta daidai har ƙarshe ba. Ta farko ta ɗauki huɗu, ta biyu uku, a sake gwaji kowane wata.

Malamar Wasanni, Sabon Zango:
Abin da Baba na Mamobi ya faɗa daidai ne, amma ni ɗaya ɓangaren ya fi damuna. Uban da ke gudun a ce ya yi son kai, shi ne kan koma ya fi tsananta wa tasa: ita ake kira da ƙarfi idan ƙwallo ya suɓuce, ita ake fara zaunarwa, ita ke kwashe kaya bayan kowa ya tafi. Sauran yara suna gani, kuma abin da suke koya shi ne kuskure abin kunya ne. Yarinyar da ke tsoron kuskure takan sandare a wurin jifa, ta riƙe ƙwallon ya wuce cinyarta kafin ta saki, sai ya tashi sama, tunda ta ƙasa ake jifan. Idan ta yi gaggawar saki kuma ya daki ƙasa. Gyaran ba tsawa ba ne: a matso da ita kusa, taku biyar ko shida daga mai cafewa, wadda ke tsugunne bayan mai bugu, ta riƙa sakin ƙwallo daidai cinya da wuyan hannu kawai, sau 15, sannan a mayar da kewayen hannu gaba ɗaya.

Shawarata, Malam, ku yi musaya da mataimakinka. Shi zai riƙa gyara wa 'yarka, kai ka gyara wa sauran. A fili ta ce maka Koci kamar kowa. Da kun hau trotro, motar haya, za ku koma gida, maganar wasa ta ƙare sai in ita ta ɗauko ta.

Abu biyu da maza kan manta. Dole a samu babbar mace a kowane atisaye, in ba haka ba iyaye a unguwanninmu za su janye 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, kuma da gaskiyarsu. Sannan hijabi ya zama mai sanyawa ta kai wanda ba ya buƙatar allura, a cusa bakinsa cikin riga don ya zauna lafiya a ƙarƙashin hular kwano. Lokacin atisaye kuma kada ya ci na makarantar allo.

Mai Cafewa, Niyu Tawun:
Yaya, ni ban yarda a bar komai ga lissafi ba. Jifa 20 babu mai bugu a gaba ba daidai yake da jifa ana ihu ba. A gwaji na uku a tsayar da mai bugu da hularta, ko ba za ta kai duka ba. A nan ake gane wacce hannunta ke rawa.

Batun zama a benci ya fi na jifa kawo gunaguni. Tara ke shiga fili, kana da 13, huɗu kenan a waje kowane zagaye. Zana jadawali tun ana gobe wasa: babu wacce za ta zauna zagaye biyu a jere, babu wacce za ta zauna na biyu kafin kowa ta yi na farko. Sunan 'yarka ya shiga jerin kamar na kowa. A wasan sada zumunci ku yi yarjejeniya da ɗaya kocin kowace yarinya ta samu bugu.

Kan kaya, sunan softbol, wato ƙwallo mai laushi, kada ya ruɗe ka, ba shi da laushi. In kuɗi bai kai ba, fara da hular kwano huɗu, ɗaya ta mai bugu, uku na masu gudu a tasha, sai abin kare fuska da ƙirji da ƙwauri na mai cafewa. Riga mai lamba za ta iya jira. Safar hannu a yi karɓa-karɓa, waɗanda suka fito su miƙa wa masu shiga. A filin tsakuwa kuma hana sulɓewa zuwa tasha gaba ɗaya, a share hanyoyin gudu da tsintsiya kafin a fara, don ƙwallon da ya daki dutse fuska yake nema.

Baban Yara, Nima:
Na gode, Allah ya saka da alheri. In gwajin ya nuna tawa ce ta ɗaya fa?

Tsohon Koci, Mamobi:
To ita za ta fara jifa, kada ka rage mata ko zagaye ɗaya. Ka bar malamar da ta ƙirga ta karanta sakamakon a gaban yara, littafin kuma ya zauna a hannunta har gwajin wata mai zuwa.