An tura ni riƙon ikilisiya a Damagaram, da me zan fara?

Ɗan Maraɗi:
Salama gare ku, iyayena da 'yan'uwa cikin Ubangiji. Shugabanninmu sun tura ni daga karkarar Maraɗi zuwa Damagaram, in karɓi ikilisiya daga hannun wani Baba Fasto da zai huta. Mu shida ne: ni, maiɗakina da yara huɗu, uku suna lakwal. An bar mini zaɓin lokacin tashi. Wane wata ya fi, kuma me zan karɓa a hannu ranar miƙa aiki?

Dattijon Sabon Gari:
Fasto, Allah ya riƙa. Ka taso cikin Satumba, saboda lakwal tana buɗewa farkon Oktoba. Karɓi takardar canjin makaranta daga daraktan kowane yaro, ka haɗa da takardun haihuwa, in ba haka ba sai an fara karatu yaran suna zaune gida. Hanya ba wuya, wajen kilomita 240 ce ta Agye, Gazawa, Tasawa da Takeita.

Abin da zan ja maka kunne a kai shi ne ruwa. Kada ka yarda ka sauka tsakanin Maris da Mayu. Damagaram bisa dutse take zaune, ruwan famfo kuwa daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya, Arunguza da Ganaram. Da bazara unguwa takan yi kwanaki famfo bai ɗiga ba. Yi lissafin lita 20 ga kowane mutum a rana: ku shida lita 120 ke nan, kusan bido biyar na lita 25. Tano biyu na lita 200 za su kai ku kwana uku kawai, ga shi gidan fasto ba ya rabo da baƙi. Kafin ka amince da gidan da aka ba ka, tambayi maƙwabta, ba mai gidan ba, ko ruwa yana hawowa can, da kuma ƙarfe nawa.

Ma'aji:
Baba ya gama da gida, ni zan yi maganar takardu, don nan ne rigima take ɓuya. Kada a miƙa maka aiki da baki a gaban bagade a ce an gama. A zauna da fasto mai tafiya, da dattawa, magatakarda, ma'aji da wakilin gunduma, a rubuta komai, kowa ya sa hannu, a yi kofi uku.

A kawo littafin baiko da zakka, a ƙirga kuɗin akwati a gaban kowa. A kawo rajistar baftisma da ta aure. Asusun banki a sauya masu sa hannu cikin makon da aka miƙa aiki, ya zama sai da hannu biyu ake fitar da kuɗi. Inda aka yi sakaci, sai ka ga tsohon fasto ya koma garinsu, albashin mai gadi ya maƙale. Duba rasit na ƙarshe na kamfanin wuta NIGELEC da na ruwa, ka rubuta lambar da ke kan mita ranar da ka shiga.

Mafi nauyi ita ce takardar fili. Duba sunan wa ke kanta. In sunan mutum ne, ko da shi ne ya kafa ikilisiyar, a fara mai da ita sunan ikilisiya tun yana da rai, domin magada ba lallai su san alkawarin da uban ya yi ba. Kuma tunda aka ƙone majami'u a garin nan ranar 16 ga Janairu 2015, ba a ajiye takarda wuri guda. Ɗauki hoton kowace da waya, ka aika kofi hedikwata.

Maman Zumunta:
Ɗana, ban yarda a kwashi iyali rana ɗaya da kaya ba. Ka riga su da mako biyu, ka gyara gida, ka cika tano, sannan Mama da yara su zo. Zumuntar mata za ta tarye ta, amma kada a ɗora mata shugabanci tun ba ta san sunayen mutane ba.

Sai gaisuwa. Damagaram garin sarauta ne, baƙon da bai yi gaisuwa ba ana lura da shi. Dattawa biyu su raka ka wurin mai unguwa, sannan limamin masallacin da ke kusa da maƙwabta na jikin katanga. Fadar Sultan a Birni kuwa, ka bi ta hannun fastocin da suka daɗe a gari, su suka san yadda ake neman iso. Bishara ta daɗe a nan, tun 1924 ƙungiyar mishan ta SIM ta fara aiki a Damagaram, saboda haka akwai tsofaffin gidajen Kirista da ya kamata ka taka ƙofarsu da ƙafarka. Ka kula da lasifika: a rage ta lokacin kiran salla, a juya bakinta cikin majami'a.

Ɗan Maraɗi:
Na gode, Mama. To, in na tarar da abin da ke son gyara a tsarin sujada fa?

Dattijon Sabon Gari:
Rubuta shi ka ajiye har wata shida. Ikilisiyar birni gauraye ce, akwai Hausawa, ma'aikatan gwamnati da ake sauya wa wurin aiki, ɗaliban jami'a, da 'yan Benin, Togo da Najeriya. Taɓa harshen wa'azi ko lokacin sujada kafin ka san su yakan sa wani ɓangare ya daina zuwa ba tare da ya ce uffan ba. Fara da ziyara, gida uku ko huɗu a mako, da dattijo ɗaya tare da kai. Kuɗi da takardar fili ne kaɗai ba sa jira.