Neman shawara: ta ina zan fara ƙidayar itatuwan dajin ƙauyenmu?

Assalamu alaikum. Ɗaliba ce ni a ajin ƙarshe a sashen nazarin tsirrai, bincikena kuma a kan dajin bayan ƙauyenmu ne, a kudancin Kano, wajejen Falgore. Dattawa sun ce da can kirya da marke da maɗaci ne suka cika wurin, yanzu masu gawayi sun kusa ƙarar da su, sai sabara da kalgo. Ina so in tabbatar da wannan da alƙaluma, amma dajin ya fi ƙarfin a bi shi bishiya-bishiya, kuɗin hannuna kuma kaɗan ne. Ta ina zan fara, kuma yaushe ya kamata in shiga?

Tsohon malamin daji: Wa alaikumus salam 'yata. Ba a ƙirga daji duka. Ki samu igiya da turaku, ki riƙa keɓe fili mai mita 20 tsawo da 20 faɗi, wasu a bakin hanya, wasu can ciki, wasu a gefen rafi. Kowace bishiya ki auna kewayen gangar jikinta a tsayin mita 1.3 daga ƙasa. Tef ɗin tela ya wadatar, ki raba da 3.14 ki samu kauri. Inda ɗalibai suke sakaci kuwa shi ne ƙananan tsiro da kututture. In kika tarar da manyan kirya biyar babu ko ɗaya mai tasowa a gindinsu, kiryar wurin ta kama hanyar ƙarewa ke nan, ko da gatari bai sake taɓa ta ba, don ita ba ta saurin girma. Kututture kuma shi zai gaya miki wace bishiya ake sara, kuma mai wane kauri. Ki shiga ƙarshen damina, Satumba zuwa Oktoba, ganye na nan. Ki dai kula da gawo: da damina yake zubar da ganye, kada ki rubuta shi a matacce.

Wata malamar jami'a: Ƙanwata, wadda ba ki gane ba, ki yanko reshe mai ganye da fure, ki danne a tsakanin tsofaffin jaridu, ki rubuta rana da wuri. Akwai ma'adanar busassun tsirrai a ABU Zariya inda ake tantancewa. Kuma ki fara gaida dagaci, ya haɗa ki da maharbi ko mai maganin gargajiya. Kada ki shiga ke kaɗai.

Manomi daga Maraɗi: Hajiya, a duba kututturen da kyau, da yawa suna da rai. Mu nan tun 1983, lokacin da Tony Rinaudo, wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya, ya fara aiki da manoma, ake sassabin zamani: a bar tofo biyu ko uku masu ƙarfi, a rage sauran. Da haka kusan hekta miliyan 5 suka farfaɗo a Nijar, ba tare da dashe ba.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Baba, kututturen da ya tofo, a rayayye zan sa shi ko a sararre?

Tsohon malamin daji: Ki ware masa layinsa daban a takardarki, ki ƙirga tofon, ki kuma lura ko awaki sun ci kansu.