Neman shawara: sabuwar katangar maƙwabci ta shigo cikin gidanmu na gado

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni, kuma ina roƙon a sakaya sunana. Gidanmu na gado yana unguwar Pantami a garin Gombe, katangar laka ce ta raba mu da maƙwabcinmu na gabas, kuma ruwan watan Agusta ya kayar da ita a daminar bana. Ina wurin aiki a wani gari lokacin da maƙwabcin, dattijon da muke kira Baba saboda amincinsa da marigayi mahaifinmu, ya kawo magina suka tayar da ta bulo da kuɗinsa. Da na dawo sai na tarar ta shigo mana da kusan ƙafa biyu, har darbejiyar da mahaifiyarmu take ɗaura igiyar shanya a jikinta ta koma ɓangarensa, sannan an toshe kafar da ruwan tsakar gidanmu yake bi. Na same shi cikin ladabi, ya ce a kan tsohon tushe aka ɗora, ya kuma nuna ɓacin rai cewa ya rufa mana asiri amma muna tuhumarsa. Ƙannena suna cewa a rushe ta. Takardar ciniki kawai muke da ita, mai sa hannun mai unguwa da shaidu, wadda ta ce faɗin filin ƙafa 50 ne, tsawonsa 100. Yaya zan yi mu sami haƙƙinmu ba tare da na wulaƙanta abokin mahaifina ba?

Wani lauya:
Wa'alaikumus salam. Ka ja kunnen ƙannenka kada wanda ya taɓa bulo ɗaya, domin rushe ginin wani laifin ɓarna ne a dokar hukunta laifuka, kuma nan take ku da kuke da ƙorafi za ku zama waɗanda ake ƙara. Ofishin 'yan sanda ma ba wurin yanke hukuncin mallakar fili ba ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen cikin birni a hannun gwamna, kuma shari'ar filin da ke da shaidar mallaka ta gwamna Babbar Kotun Jiha take zuwa, inda kuɗin da za ku kashe zai iya ninka darajar ƙafa biyun. Amma kada ka yi shiru: a mazhabar Malikiyya akwai hauzi, wato idan wanda ba danginka ba ya riƙe wuri shekara 10 yana amfani da shi a kan idonka ba ka ce komai ba, da'awarka tana iya faɗuwa. Ka ɗauki hotuna, ka sanar da mai unguwa tun yanzu.

Wani magini daga Bolari:
Malam, ina ganin da wuya a ce Baba ya yi da gangan. Katangar laka idan ta faɗi bajewa take yi, kuma yara magina sukan ja igiyarsu a gefen tarin ƙasar, musamman idan ta ɓangarenku ta zube, maimakon su kwashe su nemo asalin tushen. Tushen kuwa yana nan a ƙasa bai je ko'ina ba. A haƙa ɗan rami a wuri biyu ta ɓangaren Baba, za a ga duwatsun da aka jera ko kuma daskararriyar laka mai launi dabam da yashin wurin. A kuma auna faɗin gidajen biyu da tef, ba naku kaɗai ba, domin tsofaffin filaye da igiya ko taki aka yanka su, kuma ba kullum adadin da ke takarda yake dacewa da abin da ke ƙasa ba. Idan an daidaita, ka samo safiyo mai lasisi ya kafa turakun siminti, ku je GOGIS, hukumar da ke rajistar filaye a jihar Gombe, ku nemi rajistar gidan.

Wani malami:
Ɗan'uwa, niyyarka ta kiyaye zumuncin mahaifinka abin yabo ce, sai dai gidan gado ne, ba naka kai kaɗai ba. Kana iya yafe rabonka, amma ba ka da ikon yafe na 'yan'uwanka mata, balle idan akwai ƙananan marayu a cikin magada. Shi ma Baba taimakonsa ne a warware, domin ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya ci taƙi ɗaya (awon buɗaɗɗen hannu) na ƙasa da zalunci za a rataya masa ƙassai bakwai, kuma Muslim ya ruwaito tsinuwa a kan mai canza alamar iyaka. Idan awo ya nuna an shigo muku, sulhu yana da faɗi: ko a mayar da katangar ku raba kuɗin aikin, tun da ku ma kuna amfana da ita, ko ya biya ku kuɗin wurin da yardar kowane magaji.

Wata 'yar'uwa daga Tumfure:
Ni ban yarda ka sake tunkarar Baba da kanka ba, Yaya. Dattijo ba ya jure ɗan cikinsa ya zo masa da tef a hannu, ko da gaskiya a gare shi. Ka nemo baffanku ko limamin masallacinku su je masa bayan sallar isha'i, su fara da godiya a kan kuɗin da ya kashe, sannan su nemi izininsa a yi haƙan a gabansa da mai unguwa. Maganar kafar ruwa kuma a raba ta da maganar iyaka, a roƙi a buɗe ta cikin makon nan, domin kowa ya san ƙasar Gombe da zaizaya, ruwan da ya kwanta a gindin ɗaki sai ya kayar da shi. Ka kuma hana matan gida da yara mayar da magana ta kan katanga.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Baffanmu ya amince zai je da liman ranar Juma'a. Idan an daidaita, me ya kamata a rubuta?

Lauya:
A rubuta awon kowane gida, da inda katangar za ta tsaya, da wanda zai biya me, da matsayin darbejiyar da kafar ruwan. Duk magadan da suka balaga su sa hannu tare da Baba da babban ɗansa, mai unguwa ya buga hatiminsa, kowane gida ya riƙe kwafi ɗaya.