Yadda waya za ta gane kiran mai kawo kaya

Da muka tattauna kan koya wa manhaja gane kiran masu kawo kaya, yawancin masu tattaunawar sun ce kada a dogara da lamba kaɗai, domin direba kan canza layi. Gara manhajar ta koyi ɗabi'ar kiran: gajere, zuwa ga mutane daban-daban, a ranar da saƙo ya nuna kaya na hanya. A ganina wannan na ƙarshe ya fi ƙarfi.

Truecaller, manhajar da ke nuna sunan mai kira, kan dogara da sunan da jama'a suka saka, ɗan damfara kuwa zai iya fakewa da haka. Saboda haka gara manhajar da ake koya wa ta riƙa cewa "wataƙila mai kaya ne", kada ta toshe kowa. Bayanan kira kuma su zauna cikin wayar, kar a manta da dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023.