An yi min tayin kote katan 600 ba takarda, in saya ko in bari?

Hajiya Maimuna Kado: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kifin ƙanƙara. Ɗakin sanyina yana cin katan 800, a gefen kasuwar kifi ta Kado. Wani dillali ya kawo min tayin kote katan 600, mai kilo 20, a kan ₦58,000 kowane katan har ƙofar shago, alhali wanda nake ɗauka daga Legas ya haura ₦70,000 tun kafin kuɗin mota. Ya ce jirgi ne ya sauke a wata tashar maƙwabta, kayan ta ƙasa za su shigo. Takarda ɗaya ce a hannunsa, ta direba. A hoton da ya turo kuma an ɓare tambarin kwalayen. Wace takarda ya kamata in nema? Sannan dokokin nan na hana satar kifi a teku da ake ta magana, suna isowa kan mai shago a Abuja ko iyakarsu bakin ruwa? Yana son rabin kuɗi kafin Juma'a.

Ɗan Gwagwalada: Hajiya ki bar kifin ƙanƙara ki koma tarwada. Kifi dubu za su ci abinci wajen tan ɗaya, wata biyar zuwa shida sun kai kilo-kilo, masu farfesu su biyo ki har gona. Ba kwastam, ba jirgi.

Sabo Ejan: Ɗan Gwagwalada ba abin da ta tambaya ba ke nan. Hajiya, kifin da ya shigo ta halal yana da jerin takardu, kuma mai shigo da kaya na gaske ba ya jin nauyin ba ki kwafi. Na farko izinin shigo da kifi daga sashen kula da kifi na tarayya, wanda yanzu yake ƙarƙashin ma'aikatar harkokin teku da aka kafa a 2023. Sai Fom M da ake buɗewa ta banki, sai PAAR, wato takardar ƙiyasin fito ta kwastam, sai rasidin biyan fito, sai takardar lodin jirgi, sai shaidar lafiyar kifin daga ƙasar da aka loda shi, da shaidar asalinsa, da izinin NAFDAC. Ba duka kike buƙata a mota ba, amma rasidin fito da takardar sakin kaya daga tasha dole su bi tirela. Abin da mutane ke mantawa: ki gwada lambar kwantena da ke jikin rasidi da wadda ke jikin takardar lodi. Dillalai suna yawo da kwafin takardar wani kaya da ya shigo tun bara, nau'in kifi ɗaya, lamba daban. Kwantena mai ƙafa 40 ba ta wuce katan 1,300 da 'yan kai na kilo 20, don haka in kika ga takardar kwantena ɗaya ta rufe tirela uku, ƙarya ce.

Mamman Utako: ₦70,000 a ina? Kote ₦84,000 ake ba mu wannan satin.

Hajiya Binta Mai Sanyi: Mamman an cuce ka. ₦76,000 ne a Ijora ta Legas.

Mamman Utako: Wane girma? Wanda ake samun guda 60 a katan ba ɗaya yake da mai guda 35 ba, Hajiya. Ku riƙa faɗin girma kafin ku faɗi kuɗi.

Baba Audu Mai Ritaya: 'Yata Maimuna, tambayarki ta biyu ita ce babba, bari in ɗan tsawaita. Yarjejeniyar da ta fi shafar kayanki ita ce ta hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, kan matakan da tashoshin jiragen ruwa za su ɗauka. An amince da ita a 2009, ta fara aiki a 2016, Najeriya ta shiga a 2022. Dabararta mai sauƙi ce. Bin ɓarawon kifi a tsakiyar teku yana cin mai da jiragen sintiri, amma duk inda ya je sai ya sauke kaya. Saboda haka jirgin waje, har da mai dakon kifin da wani ya kama, kafin ya shigo tasha sai ya aiko da sunansa, tutar ƙasar da yake ɗauke da ita, lambarsa ta IMO (hukumar jiragen ruwa ta duniya) mai alƙaluma bakwai, lasisin kamun kifinsa, da abin da ke cikinsa da inda aka kamo. In bayanin bai gamsar ba a hana shi shiga, ko a bar shi ya shigo a bincike shi a hana shi saukewa, a kuma sanar da ƙasar tutarsa. Ƙasashe shida na gaɓarmu, Laberiya, Kodebuwa, Gana, Togo, Benin da Najeriya, suna da kwamiti ɗaya mai hedikwata a Tema ta Gana da suke musayar irin wannan bayani.

To yarjejeniyar ba ta san shagonki ba, iyakarta tasha. Amma abin da ke biyo kifi daga tasha zuwa Abuja takarda ce. Kifin da ba zai iya nuna inda ya sauka ba, a idon dokarmu ta gida kayan fasa-ƙwauri ne, kuma wanda aka samu kayan a hannunsa shi ake tambaya. Ɓare tambarin nan shi ya fi damuna. A jikin kwali ake rubuta sunan jirgi ko lambar masana'anta, ranar daskarwa, da lambar yankin teku: 34 ruwan Moroko da Muritaniya har zuwa namu, 47 wajen Namibiya da Angola, 27 ruwan Norwe inda titus ke fitowa. Mai ɓare wannan yana ɓoye ɗayan biyu, ko jirgin ko ranar.

Ɗan Gwagwalada: Wato yanzu kifi ma sai da fasfo da biza. Mu da ko katin ɗan ƙasa bai fito ba ina za mu sa kanmu?

Alhaji Ɗanladi Dei-Dei: Baba Audu ya yi bayanin ofis, ni bari in faɗi yadda abin ke ƙarewa a ƙasa, don a gabana aka yi wa maƙwabcin shagona. Irin wannan tayin ne, shawa ce tasa. Ya biya rabi, mota ta taso, wasu masu kaki suka tare ta kafin Lokoja suka ce a kawo rasidin fito. Dillali ya kashe waya. Ba tsarewar ce ta kashe shi ba, injin sanyin motar ne. Yana shan man dizal daga tankinsa na daban, direba ya ce ba a ba shi kuɗin man tsayuwa ba, ya kashe. Aka riƙa buɗe ƙofa ana ƙirga kaya cikin rana. Kafin a daidaita a saki mota, layin bakin ƙofa da na saman duk sun saki ruwa. Direba ya kunna inji a hanya suka sake daskarewa, da aka sauke kamar lafiya lau. Sai da mata masu suya suka saya suka narkar, ciki ya fashe, nama ya yi laushi kamar an dafa. Suka dawo da kaya suna zagi a bakin shago. Na sama da katan 200 aka haƙa rami aka binne, sauran ya karyar a rabin kuɗi. Bashin banki ne, Hajiya. Yau mutumin nan yaron wani ne a ɗakin sanyin da shi ya gina. Wanda ya tare motar ya ci, dillali ya ci, direba an biya shi, mutum ɗaya ya ɗauki asara. Kuma har gobe motocin da ba takarda suna wucewa ta wannan hanyar, wanda bai shirya da su ba ne kawai ake kamawa.

Hajiya Binta Mai Sanyi: Innalillahi. Allah ya mayar masa da alheri.

Mamman Utako: Alhaji shi ma ya yi sakaci. Ba a biyan rabi kafin mota ta iso. Kuɗin mai kawai ake bayarwa.

Alhaji Ɗanladi Dei-Dei: Kai yaro ne Mamman. Wane dillali ne zai loda maka tirela a kan kuɗin mai?

Likitan Dabbobi: Abin da Alhaji ya faɗa na narkewa da sake daskarewa ya fi kamun hanya haɗari, kuma ana iya gane shi kafin a biya. Ki sa a ciro katan daga baki, tsakiya da ƙuryar mota, kada ki yarda da wanda direba ya miƙo. Ki soka ma'aunin zafi mai tsinke tsakanin kifayen tsakiyar katan, ya nuna digiri 18 ƙasa da sifiri ko fiye da haka sanyi. In 10 kika gani ƙasa da sifiri, injin ya tsaya a hanya. Ki juya kwalin ki duba gindinsa: shatar ruwa da ya bushe, ko ƙanƙara ja-ja da ta taru a kusurwar leda, jini ne ya tsiyaya ya sake daskarewa. Kifin da aka daskarar a jirgi a miƙe yake, a jere, fatarsa na sheƙi; wanda ya narke yana lanƙwashe, ya manne da juna, gefen cikinsa ya yi rawaya don mansa ya fara lalacewa. Ki narkar da guda uku ki tsaga ki shinshina. Titus da shawa da kote in suka ji zafi suna tara wani sinadari da ake kira histamin, kuma suya ko dahuwa ba sa kashe shi. Shi ne za ki ga mutum ya ci kifi, cikin sa'a guda fuska ta yi ja, ƙaiƙayi, ciwon kai, amai. In otal kike kai wa, sunanki za a kira.

Sabo Ejan: Alhaji Ɗanladi, ba na musa labarinka, amma cewa kowa da kowa ke wucewa ba takarda shi ke sa mutane faɗawa rami.

Alhaji Ɗanladi Dei-Dei: Kai da takarda kake cin abinci, dole ka yabe ta. Shi kuma Baba Audu, da girmansa, bai taɓa sayar da kan kifi ɗaya ba. A bar 'yan kasuwa su ba 'yar kasuwa shawara.

Baba Audu Mai Ritaya: Ranka ya daɗe, ɗan kasuwar da ka ba mu labarinsa shawarar 'yan kasuwa ya bi. Na yarda aiwatarwa na da rauni, ban ce ba ta da shi ba. Amma ka lura, inda mai saye ya tsaya kai da fata doka tana ci. Tun 2010 Tarayyar Turai ba ta karɓar kifin teku sai da takardar shaidar kamu daga ƙasar tutar jirgi. Ta ba Gana katin gargaɗi a 2013, ta sake ba ta a 2021, saboda abubuwa irin su saiko, wato manyan jirage su kwashe ƙananan kifin da na masu kwale-kwale ne su daskarar su sayar a tsakiyar ruwa. Kamaru kuwa jan kati ta samu, wato an hana kifinta shiga Turai, a farkon 2023 don tana ba jiragen da ba ta iya sa wa ido tutarta. To kifin da Turai ta ƙi ba a teku ake zubar da shi ba, kasuwar da ba ta tambaya yake nema. Mu kuma buƙatarmu ta haura tan miliyan 3 a shekara, abin da muke samarwa bai kai rabi ba.

Ɗan Gwagwalada: Kifi na ganinka mai jar koma. Baba, ko tarwadarmu ai Amurka ta rufe mata ƙofa tun 2018, ita da ba ta taɓa ganin teku ba.

Baba Audu Mai Ritaya: Wannan batun duba tsafta ne na ma'aikatar gonarsu, ba na satar kifi ba. Kada ka haɗa.

Bala Yauri: Ku kuna ta maganar teku, ga namu ruwan yana ƙarewa. Dokar teku ta 1992 ta ce idon ragar jirgin kifi kada ya gaza milimita 76, na jatan lande 44, kuma jirgi kada ya ja raga cikin mil 5 daga gaɓa. Madalla. A shekarar aka yi ta ruwan cikin gida, ta hana guba da nakiya da lantarki. Ku zo Kainji ku gani. Gidan sauron da ake rabawa a asibiti shi ake ɗinkewa a ja kamar ragar nan da ake kira dala, ya kwaso 'ya'yan karfasa da giwan ruwa da ba su kai yatsa ba, a shanya a sayar wa masu abincin kaji. A ƙananan rafuka da rani a zuba maganin ƙwari, komai ya taso, har kwaɗi. Da Sarkin Ruwa ne ke rufe gurbi lokacin ƙwai, kowa ya ji. Yanzu an karɓe ikon daga hannunsa, wanda aka ba kuma ba shi da ko kwale-kwale mai inji, sai ranar karɓar kuɗin lasisi ake ganinsa.

Hajiya Binta Mai Sanyi: Shi ya sa bandar da ke zuwa yanzu duk ƙanana ne. Ga masu fesa mata maganin ƙwari don kada ta yi tsutsa. Bandar da ƙuda bai sauka a kanta ba ni ba na saye.

Hajiya Maimuna Kado: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na nemi rasidin fito, ya ce sai mota ta taso zai turo. Ya aiko hoton kwali ɗaya mai lamba 34, amma an goge sunan jirgi da baƙin maka. Ya kuma rage zuwa ₦55,000. Baba Audu, da lambar 34 kaɗai ana iya gano wani abu?

Mamman Utako: Hajiya kafin nan, katan 600 a ɗaki mai cin 800, da wace wutar? Mu an sa mu a Band A tun Afrilun 2024, aka ce awa 20 a rana, kuɗin yunit ya ninka sau uku, jiya tun azahar janareto ke aiki.

Alhaji Ɗanladi Dei-Dei: Ku ma kuna gani. Mu taransifomarmu ce ta ƙone, an ce kowane shago ya kawo ₦40,000.

Hajiya Binta Mai Sanyi: ₦40,000? Mu ₦25,000 aka karɓa, kuma har yau ba a kawo ta ba.