Iccen girki zuwa ruga bayan Abalak

Ɗan Tawa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Sati mai zuwa za mu biki wata ruga arewa da Abalak, mu 12, kwana uku, Hilux ɗaya. An ce daga inda mota ke tsayawa zuwa rugar tafiyar awa biyu ce a ƙasa. Icce fa? Mu saya nan Tawa ko mu bari sai can?

Mai Shayi: Wa alaikumus salam. Gawayi dai kada ku manta, sauran duk mai sauƙi ne.

Tsohon Direba: Ƙanena, saurara, ni na sha wannan wuya da damina. Muka sayi dami shida ranar kasuwar Lahadi, muka jibga saman kaya, yaron mota ya ɗaure da igiyar kaba wadda rana ta riga ta cinye. Har Tabalak lafiya. Da muka bar kwalta bayan Abalak, mota ta shiga rawa, kowane rami sai an yi sadaka da itace biyu uku. Ba wanda ya lura. Da muka tsaya sallar la'asar, dami uku da rabi suka rage, kuma ruwa ya sauko ya jiƙa su sharkaf. Da dare muka koma tsintar busasshiyar tumfafiya. Wanda bai taɓa girki da tumfafiya ba bai san hawaye ba: ta ci kamar takarda, hayaƙi kamar an ƙona taya, shinkafa kuma rabi tsaki. Shawarata, ku sayi faskare busasshe mai nauyi, bagaruwa ko aduwa, a sare muku gajere-gajere kamar kamu biyu, ku zuba cikin buhu. Buhunan su kwanta ƙasan mota, sauran kaya bisa, a ja da robar taya, a rufe da tamfol. Dogon icce ba ya zama a bayan jaki, sai ya riƙa zamewa yana sukar dabba. Buhu biyu kuwa sun zama mangala, a ɗora kan akumari an gama.

Hajiyar Girki: Mutum 12 kwana uku, buhu huɗu sun isa in mai girkin ta san aikinta. A haƙa rami kaɗan a sa murhu ciki, iskar can ita ke cinye icce, ba tukunya ba. Kuma ku bar wake gida, don Allah.

Ɗan Gaz: Wai me ya hana ku ɗauki tukunyar gaz mai kilo 6? Kilomita 130 da ɗoriya kuna jan icce kamar 'yan gudun hijira.

Hajiyar Girki: Ɗana, ɗora tukunyar mutum 12 a kan wannan 'yar abar ka gani in ba ta kife ba.

Ɗan Gaz: To a ɗauki mai kilo 12, Hajiya.

Tsohon Direba: Kai za ka goya ta awa biyu cikin rairayi?

Bafulatanin Zaure: Ku mutanen gari akwai wahalar da kai. Kandilo na nan birjik a kowane mashekari, kyauta.

Babarbare: Bawana ya yi magana. Ka je ka tsinto musu, aikinka ne dama.

Bafulatanin Zaure: Ji wanda kakansa ya yi wa kakana dakon gora.

Hajiyar Girki: Kandilo a watan Agusta? Ɗanye ne sharaf, sai dai ku yi shafen ɗaki da shi.

Malamin Lakkwal: Abu ɗaya zan ƙara. Kada wani ya ce zai ɗauki gatari ya sara can. Dokar gandun daji ta 2004 tana nan, kuma gawo na cikin itatuwan da aka hana taɓawa. Ban da ma doka, ganyen nan da kwanson su ne abincin awaki da raƙuman masu masaukinku in rani ya yi. Kwanan nan ranar 3 ga Agusta muka sa yara dashe, kunya ce a ga malamansu da gatari.

Mai Shayi: Malam ya fara darasi. Ni tambayata, shayin nan wa ke sayen sukari?

Tsohon Direba: Na manta: ku zazzage buhu a ƙasa kafin kowa ya sa hannu. Kunama na son kwana cikin faskare, yaron motarmu ya san zancen, har Abalak yana kiran innarsa.

Ɗan Tawa: Na gode ƙwarai. To jakin fa, can za mu samu ko sai an yi magana tun yanzu?

Babarbare: Ga Bafulatani nan, ku ɗora masa.

Mai Shayi: Har yanzu ba a amsa maganar sukari ba.